Kalangu a Bakin Na'ura: Musayar Waƙa kan Sabon Faifai

Ɗan Kandara, Jidda

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Sabon faifan nan na kiɗan lantarki da ɗan'uwanmu haifaffen Jidda ya fitar, wanda ya haɗa bugun na'ura da kalangu da shantu da gangunan mizmar (rawar sanda ta mutanen Hijaz), shi na kawo mu tattauna. Duk wanda ya saurara ya faɗi ra'ayinsa a waƙe. Ƙwar huɗu ce, amsa-amo "wa".

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba bawa ji da basira,
Na kawo zance, ku saurara,
Kan faifan da ya zo wa kowa.

Kiɗa tara ne a cikinsa,
Na farko ya buɗe da bugunsa,
Ƙirjina ya ɗauki amonsa,
Ƙafata ta soma motsawa.

Na uku shi ne ya kama ni,
Kalangu ya shigo ya same ni,
Muryar gida ce ta kira ni,
Ta ratso ƙarfe tana tahowa.

A tsakiya sai ya ɗauke bugu,
Ya bar fili ga muryar kalangu,
Sauti na yawo dama da hagu,
Sannan ya sako shi da tsawa.

A Jidda aka yanke cibiyata,
Kano sai dai a bakin kakata,
Yau ga gangar zuri'ata
A lasifika tana amsawa.

Na je Balad Beast na ga taro,
Kiɗan ƙasashe duk an jero,
Ni ko rawata duk ta aro,
Yanzu na sami abin takawa.

Baba na Makka, a gafarce ni,
Inna da Yaya, ku amsa mini,
In na zuzuta ku rage mini,
Ra'ayinku nake son jiyowa.

Baba Mai Tsire, Shari' Mansur, Makka

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikana ya kunna mini shi a waya bayan na tashi daga tukuba. Na ukun nan da kake yabo na sa ya maimaita mini, don tun bugun farko na gane abin da aka ɗauko.

Ɗana, na amsa gaisuwarka,
Na ji daɗin ganin murnarka,
Amma zan saɓa wa maganarka,
Don ni ɗa ne ga Rundawa.

Ubana mahauci, kakana ma,
Kalangu ke yi musu sallama,
In an kwantar da sa don nama,
Shi ke kiran Sarkin Fawa.

Kalangu ba bugu kaɗai ba ne,
Magana yake yi, harshe ne,
Matse tsarkiya a hammata ne
Ke ba shi sauka da hauhawa.

Kowace kalma da karinta,
Ganga na bin sawun muryarta,
In ka sauya hawa da saukarta,
Ka sauya abin da ake cewa.

Abin da yaron nan ya ɗauko,
Taken maza ne tun na farko,
Na ɗan damben da ya sauko
Fage, jama'a na kewayewa.

Sai ya yanke shi tsakiyar zance,
Rabin take ya bar shi a kwance,
Rabin ya maimaita a gaggauce,
Ma'anar duk ta bi ruwa.

Makaɗin da aka naɗo hannunsa,
Ko a jikin faifai ba sunansa,
Wa ya tambayi 'ya'yansa?
Nan ne raina ke sosuwa.

Gangar mizmar ban ce komai ba,
Na biyar bai ɓata mini rai ba,
Ita ba magana aka ba ta ba,
Aikinta tashin masu rawa.

Inna ta Hindawiyya, Jidda

Sannunku da zama. Ni sana'ata girkin biki, yawancin daren Alhamis a ɓangaren mata nake ƙare shi, ko a istiraha (gidan hutu na haya) ko a zauren biki. Don haka na san kiɗan da ke tayar da mace daga kujera, na san wanda ba ya tayarwa.

Yaya na Makka, sannu da aiki,
Ni zan yi zance irin na biki,
An sa faifan nan muna girki,
Na leƙa in ga masu takawa.

'Yan mata duk suka miƙe tsaye,
Suka bar kujeru suka kewaye,
Amma mu sa'o'in iyaye,
Mun rasa ƙofar shigowa.

Minti bakwai ana bugu guda,
Babu amshi balle a yi guɗa,
Mu da muka tashi da waƙar gaɗa,
Sai da baki muke rausayawa.

Kiɗa ba waƙa, a wurina,
Tuwo ne ba miya a kwanona,
Zai cika ciki, na yarda, ɗana,
Amma da ƙyar ake haɗiyewa.

Sai na bakwai, nan ya burge ni,
Shantu ya sa, ya tuna mini
Daren kamu, da su wance da ni,
Muna bugawa muna rerawa.

A can ya rage gudun bugunsa,
Ya bar wa shantu numfashinsa,
Da haka ya yi wa sauran kiɗansa,
Da ni ma na shiga sahun yabawa.

Yaya Mai Sauti, Riyad

Ina gaida iyaye. Aikina haɗa sauti a wuraren taro. Tun da aka fara bikin kiɗa na Soundstorm a Banban, arewa da Riyad, a Disambar 2019, irin wannan kiɗa ya yawaita a hannunmu, shi muke kwana muna tashi da shi. Bari in faɗi yadda ake ƙera shi, domin abin da Baba ya ji yana da dalili. Asalin kiɗan a shekarun 1980 ya kafu, akwatin gangar da zan ambata kuma, TR-909, a 1983 ya fito.

Baba, kunnenka bai yi ƙarya ba,
Abin da ka kama ba zato ba,
Ba kuma raini ne ya jawo ba,
Tsarin na'urar ke haddasawa.

Tushen kiɗan nan Amurka ne,
Shikago da Ditroit gidansa ne,
Matasa baƙar fata ne
Suka kafa shi tun farawa.

Akwatin ganga suka samo can,
Ƙirar Roland ta ƙasar Japan,
909 ake ce da wannan,
Ba ya gaggawa, ba ya tsayawa.

Bugu huɗu ne a kowace gaɓa,
Daidai wa daida, ba ya saɓa,
128 a minti aka saba,
Shi ne ma'aunin masu haɗawa.

Shi ko makaɗi ɗan Adam ne,
Yana jinkirtawa in take ne,
Ya ja, ya saki, don zance ne,
Agogo ba ya iya kamawa.

Da aka sa kalangu a kwamfuta,
Aka ja bugunsa kan layinta,
Wutsiyar take aka guntule ta,
Don ya zauna cikin ƙirgawa.

Kowane bugu an murɗa muryarsa,
Ya bi fiyano a kan tsarinsa,
Nan ne take ya rasa karinsa,
Har ya daina kiran kowa.

Amma ta fannin tsabtar sauti,
Na ba shi hannu kowane minti,
Ko a mota kake bisa titi,
Kauri da siriri ba sa cakuɗewa.

Na bakwai, Inna, wanda kika so,
Daga Afirka ta Kudu salon ya taso,
Amapiano, da sannu ya iso,
Wajen 112 ne, babu gaggawa.

Direban Dare, hanyar Riyad zuwa Jidda

Ni ban iya dogon bayani ba. Tafiyar kusan kilomita 950 ce, a cikinta nake jin faifan nan.

Ni tirela nake ja da dare,
Riyad zuwa Jidda, ba na tare
Da kowa, sai kaya a ɗaure,
Da gyangyaɗi mai son kamawa.

Abin da Inna ta kushe a ciki,
Shi ne ni yake mini aiki,
Bugun nan ɗaya mai ratsa jiki,
Shi ke hana ido rufewa.

A wurin hutu wani ɗan Pakistan
Ya ji kalangun ya leƙo nan,
Ya ce gangar ina ce wannan?
Na ce tamu ce, ta Hausawa.

Na takwas ne kawai ban so ba,
Ƙarar ba ta bar kunne ya huta ba,
Ko injin mota bai kai shi ba,
Nakan wuce shi da dannawa.

Malam na Madina

Assalamu alaikum. Ban saurari faifan ba, kuma kun san matsayina a kan kiɗa. Amma tun da 'ya'yanmu ne a ciki, ba zan yi shiru ba.

Mafi yawan malamai sun hana,
Sun bar duffi a ranar murna,
Akwai masu sassauta magana,
Ni na bi hanyar kaucewa.

Ba zan zage ku a kan wannan ba,
Zagi bai taɓa gyara ɗa ba,
Abu biyu ne ba zan ƙyale ba,
Ku riƙe su ba mantawa.

Kar a saka ayar Alƙur'ani
Ko kiran salla a wannan fanni,
Kar kuma dare ya ja wani
Ya kai ga asuba na kuɓucewa.

Batun makaɗin da aka ɗauka,
Gumin mutum ba a cin sa haka,
Ɗana, ka gaya wa abokinka,
Ya je ga magada neman yafewa.

Ɗan Kandara, Jidda

Allah gafarta Malam, mun ji,
Faifan bai taɓa aya ba, Alhaji,
Batun neman izinin magaji,
Zan kai masa ba ɓoyewa.

Amma Baba, ka dubi halinmu,
Larabci ne a makarantunmu,
Hausa sai in mun koma gidanmu,
Take kuwa wa ke koyarwa?

Ƙanena bai san kalangu ba,
Bai taɓa ganin fatarsa ba,
Da faifan nan bai fito ba,
Da sunan ma ba ya ganewa.

Jiya ya ce in nuna masa
Yadda ake riƙo da bugunsa,
Rabin take ya ja hankalinsa,
Cikon rabin na gun dattawa.

Dubi mizmar ta unguwanni,
Sahu biyu da sanda tun kakanni,
UNESCO ta rubuta ta a wannan ƙarni,
A 2016, don ana ta takawa.

Ɗan Mai Wurno, Jidda

Ina gaida manya. Ni ɗan Mai Wurno ne, kusa da Sinnar, na girma a Khartum, yaƙin 2023 ne ya kawo ni nan. Irin wannan gardamar mun yi ta a can kafin ku, kan wani kiɗa da ake kira zanig.

A gefen Khartum zanig ya tashi,
Fiyano ɗaya ke ɗauke da shi,
Manya suka yi ta kushe shi,
'Yan raksha, keken haya, suka yi ta sakawa.

Amma can mai kiɗa na fili,
Yana kallon ƙafa da hali,
Ya ƙara, ya rage, da dalili,
Na'ura ke bin mai bugawa.

Faifan nan na saurare shi,
Na biyar da na shida sun yi armashi,
Amma sanyin ɗaki na jikinshi,
Ba ƙurar fili ko zufar rawa.

Yaya Mai Sauti, Riyad

Ɗan'uwa, bakin zaren ka gano,
Ko a Riyad ake yi ko a Kano,
A fara da ganga, ita za a auno,
Na'ura daga baya ke biyowa.

A bar take ya fito cikakke,
Ba a murɗe ba, ba a yanke,
Ma'aunin kwamfuta za a sake,
Ya bi hannu inda yake zuwa.

Na san yaron, zai saurara,
Baba, ko akwai wanda ya yi saura
Cikin makaɗan da suka ƙaura
Nan Makka, mai iya bugawa?

Inna ta Hindawiyya, Jidda

In har za a sake, ku sa mata,
Ina da shantu, ga ƙawayena da jikata,
A sa amshi, a ji muryar kakata
A bakin jikoki tana fitowa.

Baba Mai Tsire, Shari' Mansur, Makka

To, yanzu kun zo inda nake so.

Akwai wani tsoho maƙwabcina,
Shi ya yi kiɗan auren ƙanena,
Kalangunsa na rataye, ɗana,
Fatar ce ke son sauyawa.

Fatar ɗan akuya zan samo,
Tsarkiya daga Kano za a nemo,
Mu je Jidda mu yi mu komo,
Kusa da Harami ba ma kaɗawa.

Sharaɗi: suna a kan faifai,
Kuɗinsa a hannu, riyal daidai,
Ƙanenka ya zo, ba kai kaɗai,
Ya ga yadda ake matsawa.

Na uku kam ban janye ba,
Ba zan ce ya yi ba, don bai yi ba,
In kun shirya, kar ku wuce Laraba,
Alhamis ciniki ke kankamawa.