Me ya sa ƙwayoyin da ke yin mayelin suke fitowa daga wuri uku?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ni ɗalibar ilimin halittu ce a nan Garuwa, ina haɗa bayanin da zan gabatar a aji kan ƙwayoyin giliya, wato ƙwayoyin da ke tallafa wa ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa, amma wani wuri ya cije mini.

Ƙwayoyin da ke zama oligodendurosait, wani nau'in giliya masu naɗe jijiyoyi da mayelin (rufi mai maiƙo da ke sa saƙo ya yi saurin tafiya), ba lokaci ɗaya suke bayyana a ƙwaƙwalwar gaba ta ɓera ba. Rukunin farko na tasowa daga can ƙasan ƙwaƙwalwar wajen kwana 12 da ɗaukar ciki, na biyu daga wani wurin daban wajen kwana 15, na uku kuma daga ɓawon ƙwaƙwalwa dab da haihuwa. Wani sinadarin haɓaka ƙwayoyi da ake kira PDGF ne ke sa su hayayyafa. Binciken da aka wallafa a 2006 ya nuna yawancin rukunin farko suna ɓacewa daga ɓawon bayan haihuwa, kuma ko an kashe rukuni ɗaya, sauran sukan cike gurbin, ɓeran ya tashi lafiya lau.

To, in kowa na iya aikin kowa, mene ne amfanin tushe uku? Na kasa yarda cewa rukunin farko aikin banza ne, domin ƙwayoyin nan har saƙo suke karɓa kai tsaye daga jijiyoyi. Bambancin da ake gani tsakanin ƙwayoyin nan na farin sashe da na tokan sashen ƙwaƙwalwa wajen saurin hayayyafa, asali ne ya kawo shi ko muhalli?

Don Allah wanda ya sani ya warware mini, ko da Faransanci ne. Na gode.