Wa a Boston, ƙane a Mayo: musayar waƙa

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan zaure. Batun makon nan: ɗan ƙasar Ireland yana aikin gini a Boston ta Amurka, ƙanensa na gida a gundumar Mayo, giya da bashi sun kama shi. Ta yaya zai tallafe shi daga nesa?

Tun yunwar dankali ta 1845,
Mutanen Ireland ke ta ficewa.
Miliyan suka mutu, miliyan suka hau jirgi,
Wasiƙa da kuɗi suke aikowa.
Yau waya ta maye gurbin wasiƙa,
Dala kan isa kafin ƙiftawa.
Abin da aka tura da hantsi,
Kafin magariba yana ƙarewa.
To malamai, ku ba wan nan shawara,
Ta ina zai fara gyarawa?

Hajiya Mai Lissafi:
Malam, na karɓa, ga tawa:
Kada tsaba ta shiga hannun mai shan giya.
Ya nemi lambar asusun wutar gidan,
Daga Boston da katinsa ya biya.
Kuɗin haya su tafi ga mai gida,
Ɗaya ga wata, babu jayayya.
Kananzir na ɗumama gida, lita 500,
Tun Oktoba a zuba, kafin iska ta juya.
Cefane kuwa, kantunan SuperValu ko Tesco
Kan kai har ƙofa, oda ce ta waya.
Bashi kada ya taɓa shi tukuna,
Akwai MABS, masu ba da shawara kan bashi, ba sa karɓar ladan ɗawainiya.
Su zauna da ƙanen su tsara kasafi,
Su tuntuɓi masu bin sa gaba ɗaya.
In wa ya share bashin dare guda,
Mai ba da rance ya sake buɗe hanya.
Kyautar Yuro 3,000 a shekara,
Doka ba ta ɗora mata haraji ko ɗaya.
Abin da ya haura a rubuta shi,
Hukumar haraji kan iya tambaya.

Malamin Jinya:
Hajiya, lissafinki ya fita,
Sai dai wuri guda ban yarda ba.
Wanda ya shekara yana sha kullum,
Jikinsa bai san yini babu ita ba.
In an datse kuɗi ya daina farat ɗaya,
Wannan ba tuba ce mai lafiya ba.
Awa 6 zuwa 24, gumi da rawar hannu,
Farfaɗiya kan zo, kwana biyu ba su cika ba.
Kwana na biyu zuwa na uku, ruɗewa,
Yana ganin abin da kowa bai gani ba.
Wannan matakin yana kisa
In ba a kai shi asibiti ba.
Likitan unguwa shi ne farko,
Kada a yanke sha bai duba shi ba.
Yakan ba da ƙwaya da ake ragewa a hankali,
Da bitamin B1 da giya ba ta bari a jiki ba.
Ganinsa kusan Yuro 60 ne
Ga wanda katin jinya bai samu ba.
Katin na HSE ne, hukumar lafiya, samun mutum ake aunawa,
A cike takardar tun ba a makara ba.
Likita ba ya buɗe sirrin ƙane
In ƙanen bai ba da izini ba.
Amma wa ya rubuta masa abin da ya sani,
Doka ba ta hana likita saurare ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Na karɓi gyara, ƙanena,
Likita da farko, wannan gaskiya.
Sai a rage kuɗin hannu mako-mako,
Kada a tsinke su kamar igiya.

Baba Na Ƙofar Zaure:
'Ya'yana, saura batun dare,
Shi ke hana babban wa kwana.
Sha ɗayan dare a Mayo,
A Boston shida ce, da sauran rana.
In ƙane ya kira yana sallama da duniya,
Buga 999, lambar gaggawar Ireland, daga Amurka ba ya kai magana.
Ya riƙe lambar maƙwabci mai mabuɗin gida,
Da ta ofishin Garda, 'yan sandan Ireland, ya rubuta da suna.
Da Eircode, lambar adireshin gida, haruffa da lambobi 7,
Shi ke kai motar asibiti gidan gona.
Ya tambaye shi kai tsaye: kana son kashe kanka?
Tambayar ba ta shuka tunanin, ku riƙe batuna.
Layukan sauraren mai damuwa a Ireland: Samaritans 116 123, kyauta,
Pieta 1800 247 247, dare da rana.
Kwantarwa ta dole a asibitin ƙwaƙwalwa, a dokar Ireland ta 2001,
Tana da sharaɗi, ku tsaya ku auna:
Mai nema sai ya gan shi cikin awa 48,
Na Boston bai cika shi ba, ɗana.
Shaye-shaye kaɗai bai isa hujja ba,
Sai da ciwon ƙwaƙwalwa da likita ya nuna.
Cuan Mhuire, gidan jinyar masu shaye-shaye, tun 1966 a garin Athy,
Mako 12 mai shan giya kan zauna.
Amma da ƙafarsa zai shiga,
Dala ba ta sayen wannan amana.

'Yar Autar Zaure:
Baba, na gode, bari in tsaya kan wan,
Shi ma nauyin nan yana cin shi.
In ya haura shekara ba takardar zama,
Ya fita, shekara 10 Amurka za ta hana shi.
Kada ya ɗauki alkawarin zuwa
Alhali komawa za ta gagare shi.
Ya tsai da Lahadi, ɗayan rana a Mayo,
Takwas a Boston, kafin kwalba ta riga shi.
In ya ji harshe ya yi nauyi,
Ya ce sai gobe, kada ya yi musu da shi.
In ƙane ya koma sha bayan mako 12,
Halin cutar ne, a sake kai shi.
Al-Anon na dangin masu sha ne,
Suna zama a Boston, ya je a saurare shi.
Ya yanke adadi guda a kowane wata,
Bayan hayarsa da abincin 'ya'yan shi.