T1 da T2: ina suke raba ƙari da lafiyayyen nama, ina suke yaudara?

Mai Hoton MRI: Salamu alaikum. A MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, T1 shi ne lokacin da siginar nama ke ɗauka ta farfaɗo, T2 kuma lokacin da take ɗauka ta dushe. Tun 1971 likita Raymond Damadian ya nuna a naman da aka ciro daga jikin ɓeraye cewa T1 da T2 na ƙari sun fi na lafiyayyen nama tsawo. Daga baya aka ga alƙaluman mugun ƙari da na marar illa suna cuɗanya. Ku da kuke gaban na'ura kullum, a ina suke muku aiki?

Likitar Hoto: Wa alaikumus salam, Malam. A hanta suna aiki sosai. Dunƙulen jijiyoyin jini, wato hemanjiyoma, da kansar da ta yaɗu duk suna haske a T2 idan TE, wato lokacin da na'ura ke jira kafin ta karɓi sigina, yana wajen milisakan 80. Ka ja TE zuwa 160 ko 180: hemanjiyoma za ta ci gaba da ƙyalli fes, kansar kuwa sai ta dushe, domin T2 ɗinta bai kai can ba. Kansar da ta ruɓe a ciki ta tara ruwa ita ce ke ruɗarwa, don haka ba a fasa allurar maganin da ke haska hoto.

Ma'aikacin Na'ura: Ranki ya daɗe, tunda kin ambaci allura. Maganin allurar, wato gadoliniyam, milimol 0.1 ne ga kowane kilo na nauyin jiki, kuma a duba ƙoda tukuna; idan eGFR, ma'aunin aikin ƙoda, ya yi ƙasa da 30, sai da izinin likita. Kuskuren da ke ba ni takaici shi ne yin STIR, salon hoton da ke danne hasken kitse, bayan allura. A na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ana sa TI, lokacin jiran da ake saitawa a STIR, wajen milisakan 150 don a danne kitse. To, maganin yana gajarta T1 na ƙarin har ya kusanci na kitse, sai a danne su tare, ƙarin ya ɓace a hoto. STIR kafin allura ake yi.

Likitan Ƙwaƙwalwa: A kai, kumburin da ke kewaye da ƙari shi ma haske yake a T2 da FLAIR (salon hoton da ke danne hasken ruwan ƙwaƙwalwa), iyaka ba ta fita. A ɗauki T1 kafin allura, don jinin da ya yi kwanaki da zuba yana haske da kansa. Kuma a wajenmu kada a manta da ƙullin tarin fuka: sau da yawa tsakiyarsa duhu ce a T2, gefensa ya yi zobe bayan allura.

Likitar Hoto: Zoben nan har ƙurji mai mugunya yana yinsa. A ƙara DWI, hoton da ke auna motsin ruwa a cikin nama: mugunya tana hana ruwa motsi, sai ta haska.