Bayan an ɗage horo, yaya kuka iya ɗaga kai a ikilisiya?

Uwar Ɗaya:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Waɗanda suka bi ta wannan hanya nake nema, wa'azi kam na sha. Na yi ciki ba aure lokacin ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Aka kira sunana a gaban jama'a ranar Lahadi, aka sa ni a horo, na koma bencin baya, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji. An daɗe da ɗage horon, yarinyar ma ta shiga firamare. Sai ga shi makon jiya fasto ya kira ni wai in riƙe ajin 'yan mata a makarantar Lahadi. Na ce masa zan yi addu'a a kai, amma gaskiyar magana tsoro ne ya hana ni amsawa. In wata uwa ta ce ba za ta ba ni 'yarta ba fa?

Tsohon Direba:
'Yar'uwa, ni kodin ne ya kai ni ƙasa. Kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ba na iya tayar da mota sai na sha. Abin da ya fi ci mini rai har yau, keken ɗinkin mahaifiyata da na ɗauke na sayar, ita kuwa da shi ta biya mini kuɗin makaranta. Na tuba, na yi kuka a gaban dattawa, aka karɓe ni, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wata rana ana karanta labarin Zakka a Luka 19, inda ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu, sai na ji kamar da ni ake. Ban da ƙarfin ninki huɗu. Na shiga adashi, na sayo keke na hannu, na ɗauko a kai har tsakar gida. Ba ta ce komai ba, zare kawai ta nema ta gwada shi. Yanzu duk yaron da shaye-shaye ya kama a unguwarmu, wurina iyaye suke kawo shi, don sun san ba zai iya yi mini ƙarya ba. Ƙwayar idonsa kaɗai ta ishe ni.

Ƙanwarku daga nesa:
Ku yi haƙuri, ni labarina bai yi daɗi haka ba. Abin da ya same ki shi ya same ni, sai dai wanda ya yi mini cikin ko benci bai canja ba, saboda ya musa, kuma babansa babba ne a wurin. An ɗage mini horo a baki, amma in na zauna sai mata su ja jakarsu su matsa. Na bar garin, na samu wata ikilisiya. A can ne na fara gane cewa gafarar Allah daban, mantuwar mutane daban. Ba na hana ki karɓa, amma ki shirya, za a yi magana.

Mama ta Zumunta:
Ɗiyata, za a yi magana kam, ni ma na yi irinta a kan wasu, Allah ya gafarta mini. Bakina bai rufu ba sai da abin ya faɗo a ɗakina, a kan autata. Ranar da aka kira sunanta ban iya sa anko na fita taron Zumuntar Mata ba. Wata tsohuwa ce ta biyo ni gida, ta buɗe mini Matiyu sura 1, wurin nan da muke tsallakewa saboda yawan sunaye. Ta ce in nemo matan da ke ciki. Ga Tamar, ga Rahab karuwar Yariko, ga Rut 'yar Mowab, ga matar Uriya. Ta ce to, ta wannan zuriya Almasihu ya zo, kuma ba a goge sunan ko ɗaya ba. Ni da ina da ƙaramar yarinya yanzu, ke zan kai wa ita. Kin san kalaman da samari ke yi, kin san yadda kunya ke sa yarinya ta ɓoye wa uwarta har abu ya lalace. Mu ba sa gaya mana.

Dattijo:
Ina so in amsa wa ƙanwarmu da ta bar gari. An yi miki rashin adalci, ba kuma zan kare shi ba. Ni kaina na ɗanɗana horo. Ina ma'aji na taɓa kuɗin kwanon rufi na zuba a sayen taki, da niyyar mayarwa bayan girbi, damina kuwa ta ƙi. Na biya a hankali, sai dai har yau ba na yarda in ƙirga baiko ni kaɗai, ko da an ce in yi. Mu dattawa mun haddace 1 Korintiyawa 5 mai cewa a fitar da mai laifi, amma ba mu cika zuwa 2 Korintiyawa 2 ba, inda Bulus ya ce hukuncin ya isa haka, a gafarta masa, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya shanye shi. Tunda a bainar jama'a ake sanar da horo, a bainar jama'a ya kamata a sanar da ɗagewa, da murya iri ɗaya. Ɗiyata Uwar Ɗaya, ke an yi miki haka?

Uwar Ɗaya:
A'a, Baba. A ofis aka gaya mini, mu uku. Wataƙila har yanzu akwai masu zaton ina cikin horo. Zan koma wurin fasto in ce na karɓa, amma ya fara sanarwa a sujada tukuna, kuma a haɗa ni da babbar mace ɗaya a ajin. Mama, in wata yarinya ta tambaye ni ina baban 'yata, in ba ta amsa a gaban sauran ne, ko in ja ta gefe?