A ɗauke gasar sunuka ta duniya daga Crucible, ko a bar ta?

Mai Tebur: Jama'a, tunda Zhao Xintong ya doke Mark Williams 18 da 12 a wasan ƙarshe na 2025, ya zama ɗan Sin na farko da ya ɗauki kofin duniya, maganar ta sake tashi. A lokacin, yarjejeniyar yin gasar a Crucible, gidan wasan kwaikwayo da ke Sheffield a Ingila, an tsara za ta ƙare ne a 2027, Barry Hearn, jagoran kamfanin da ke shirya gasar, kuma ya sha cewa wurin ya yi musu kaɗan. Ni dai a tashi. Kujeru 980 kacal fa, ga gasa mafi girma a wasan.

Kawu: Ɗana, a tashi a je ina? Tun 1977 ake yi a Sheffield, shekarar da John Spencer ya ci. A ɗakin nan Cliff Thorburn ya yi 147 na farko a gasar, wato cikakken maki a zuwa tebur sau ɗaya, a 1983. A nan Dennis Taylor ya ci Steve Davis da baƙar ƙwallo ta ƙarshe a 1985, mutum miliyan 18.5 na zaune gaban talabijin har bayan sha biyun dare. Wannan ba kaya ba ne da za a loda a mota.

Mai Tebur: Allah ya ja da ran Kawu, tarihi kam akwai shi. Amma wanda ya ci kofin a 2025 fam 500,000 ya samu, daidai da abin da Judd Trump ya karɓa a gasar Saudiyya ta 2024, gasar da aka haifa jiya jiya. Ku dubi masu wasan darts, na jifan ƙananan kibau a allo, suka bar ƙaramin zauren Circus Tavern suka koma babban zauren Alexandra Palace na Landan a 2007, yau kowa ya ga inda suka kai. Ronnie O'Sullivan da ya ci kofin nan sau 7 shi ma ya taɓa cewa a tashi.

Ɗalibin Sheffield: Yaya, bari in faɗi abin da idona ya gani, don na shiga sau ɗaya, zagayen farko. Tebur biyu ne, da katanga a tsakani. Na layin gaba in ya miƙa hannu zai iya taɓa ɗan wasa. Wanda ya zubar da ƙwallo ya koma kujerarsa, kafaɗarsa kusan tana gogar ta abokin karawarsa, ba shi da inda zai kai fuskarsa. Ana jin ƙarar alli a kan sanda. Wani ya yi tari a bayana, alkalin wasa ya ɗago kai ya dube mu. Can ɗaya teburin aka ɓarke da tafi daidai lokacin da namu ya sunkuya zai buga, sai da ya miƙe ya sake saiti. Wallahi ni da nake kallo kawai, tafin hannuna ya jiƙe. Ƙanƙantar da kake kuka da ita, ita ce ke matse su kwana 17. Har yau babu wanda ya ci kofinsa na farko a nan ya kare shi a shekara mai zuwa. Kyren Wilson ma, da ya zo kare kofinsa a 2025, ranar farko Lei Peifan ya fitar da shi.

Anti: Na yarda da kai ƙanina, amma kai ka samu tikiti. Mutum nawa ne suka nema suka rasa? Kuma ɗan wasa Hossein Vafaei ya fito fili a 2024 ya ce wurin yana wari, ɗakin atisaye kamar gareji. Mai aiki a wuri shi ya san ciwonsa.

Kawu: To sai a gyara. Gida in ya tsufa ana yaɓe ne, a ƙara ɗaki.

Mai Tebur: Gidan wasan kwaikwayo ne fa, Kawu, sauran watanni 11 na masu wasan kwaikwayon ne. Wa zai biya kuɗin faɗaɗa shi?

Ɗalibin Sheffield: Garin da ke cin moriyarsa, da gwamnati. Duk Afrilu otal-otal cike suke. In Sin kake so a kai gasar, suna da manyan gasanni a Shanghai da Wuhan, kuma shi kansa Zhao a Sheffield yake zaune yana atisaye, haka Ding Junhui yana da makarantar sunuka a garin.

Anti: Ni in za a ƙara kujeru ko 500 ne ba tare da an nisanta 'yan kallo da tebur ba, na koma bayan Kawu. In ba za a taɓa komai ba, ina tare da Mai Tebur.

Mai Tebur: 500 ba za su ishe ni ba, Anti. 'Yan kallon gasar sunuka ta Masters a Alexandra Palace sun haura 2,000, kuma can ma shiru ake yi in mutum ya sunkuya.