Tsohon teburin sinuka mai shimfiɗar dutse: ta ina zan fara kwance shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina cikin damuwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana teburin sinuka, wato wasan nan da ake buga ƙananan ƙwallaye da sanda a kan tebur, a ɗakin sama. Tun muna yara yake nan, ko kusa da shi ba a barinmu mu je. Yanzu an sayar da gidan, kuma cikinmu ni kaɗai nake son teburin. Yayana cewa ya yi a bar wa mai saye, ƙanwata kuma tana fushi wai kullum ni ake bar wa wahala, alhali lokacin rabon kaya ba wanda ya ce uffan. To na cire katakan gefe, na ɓamɓare koren yadin, na sa ƙarfe a ƙarƙashin dutsen ƙarshe na ɗan ɗaga, sai na ji ƙas! Na tsaya. Me zan yi?

Tsohon kafinta:
Wa alaikumus salam. Yaro, ajiye ƙarfen nan tukuna. Ba ka faɗi girman teburin ba. In babba ne, mai ƙafa 12 a tsawo da 6 a faɗi, duwatsu biyar ne a kansa, kaurin kowanne ya kusa inci biyu, nauyin kowanne ya haura kilo 150. Kuma haɗe suke. A tsofaffin tebura akwai fegin tagulla a bakin kowane dutse da ke shiga cikin na kusa da shi. In ka ɗaga sama, fegin ne zai tsaga bakin dutsen, ƙarar da ka ji ke nan. Ja ake yi. Ka kankare filastar da ke cike mahaɗar, ka duba ko akwai sukuru a ɓoye, sannan ku zame dutsen baya a kwance har fegin ya fita. Kafin nan ka sa wa kowanne lamba da alli, don in suka sauya wuri ba za su sake zama daidai ba.

Mai tambaya:
Baba, ai kaɗan na ɗaga, ko yatsa ba zai shiga ba. Kuma ba ni da lokacin kankare-kankare, an ba mu wa'adi.

Mai ciwon baya:
Ni dai irin wannan taimakon ne ya kwantar da ni. Maƙwabcina ya ce mu sauko da nasa, muna tsakiyar matakala ya saki ɓangarensa. Har yau ko sannu bai zo ya yi min ba. Ɗan'uwa, nemo guduma ka farfasa shi ka huta, wa yake sayen waɗannan yanzu?

Tsohon kafinta:
Guduma? Haba Malam! Dutsen ne teburin, sauran duk katako ne. Ciwon bayanka kuwa, na tabbata a kwance kuka ɗauko shi. A tsaye ake ɗaukarsa, kan gefensa, mutum huɗu ƙarfafa, a jingina shi a bango bisa katako ko bargo. Bayan nan ne za a kwance notocin firam a cire ƙafafun, takwas ne a babban tebur.

Wata 'yar'uwa:
Ni a ganina yayanka ya fi ka gaskiya. Ko ka nemi masu wannan sana'ar su kwance. Ina ma za ka kai shi? Ya haura tan ɗaya, kuma sai ka bar wajen ƙafa biyar ta kowane gefe saboda sandar wasan. Mijina ya tara irin wannan tarkace, har yanzu ba mu da wurin shanya.

Mai tambaya:
Hajiya, kayan mahaifina ne, kada ki kira shi tarkace. Wurin ajiyewa zan samu. Masu sana'ar kuma ban yarda da su ba, ni na fi sanin teburin nan.

Tsohon kafinta:
Da ka san shi da ba ka sa masa ƙarfe ba. Notocin katakan gefen da ka cire, ka ware na kowane gefe daban? Tsagin kuma a baki yake ko ya ratsa tsakiya? Na baki ana cike shi a goge. Wanda ya ratsa, wani zance ne. Kuma har yanzu ba ka faɗi ko ƙafa nawa ne ba.

Mai tambaya:
Notocin duk suna bokiti ɗaya, ai iri ɗaya ne. Tsagin ban duba ba, ɗakin da duhu. Gobe abokaina biyu za su zo, ina ganin mu uku mun isa.

Mai ciwon baya:
Mu ma mu uku ne.