Hawan Burj Khalifa: wane tikiti zan saya, kuma ƙarfe nawa ya fi?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Wata mai zuwa, cikin Disamba, zan shiga Dubai sayayya, kuma wannan karon da Hajiyarmu da yarana biyu za mu tafi. Masaukinmu a Deira yake, kusa da Baniyas Square. Hajiya ta ce sai ta hau dogon benen nan ta ga gari da idonta. Na duba shafinsu na ga tikiti iri-iri, kaina ya ɗaure. Wanne ya dace? Da safe ko da yamma? Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, doguwar tafiya tana ba ta wuya.

Malam Na-Deira:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Tsawon ginin mita 828 ne, amma ba wanda ake kaiwa can ƙololuwa. Tikitin da yawancin mutane ke saya shi ne At the Top, wanda zai kai ku hawa na 124 da na 125, wajen mita 452 zuwa 456 daga ƙasa. Na 124 yana da baranda a waje inda iska ke bugun mutum. Ɗaya tikitin, At the Top SKY, hawa na 148 ne, mita 555, da wurin zama da ɗan abin taɓawa, kuma ba a bin dogon layi. Kuɗinsa ya ninka na farkon har da ɗoriya. Ku huɗu ne, sai ka yi lissafi.

Abin da ya fi kayar da baƙi ba tikitin ba ne, hanyar ce. Ba a shiga ta ƙofar ginin kansa. Wannan ta otal ce da masu gidaje a ciki. Ƙofar masu yawon buɗe ido tana cikin Dubai Mall, a hawan ƙasa da suke rubuta wa LG. In ta Metro, jirgin ƙasan cikin gari, za ku zo, daga Baniyas Square ku hau koren layi zuwa Union, tasha ɗaya ce, ku sauya zuwa jan layi, ku sauka a ta bakwai, Burj Khalifa/Dubai Mall. Sunan tashar yana yaudara. Daga nan akwai gada rufaffiya mai sanyi ta sama da mita 800 kafin a taka kasuwar, sannan a ratsa kasuwar a gangara ƙasa. Mai ƙafa lafiya ma sai ya ci kusan rabin sa'a in bai san hanya ba. Da gwiwar Hajiya, ku ɗauki tasi kawai, ku ce wa direba Dubai Mall, wajen At the Top. A teburin taimakon baƙi na kasuwar ana ba da aron keken guragu. Ku karɓa ko da Hajiya ta ce ba ta so, tsayuwar layi ta fi tafiyar cin gwiwa.

Tikitin kuwa da lokaci a jikinsa. Ku kasance a ƙofa minti 30 kafin lokacin, don akwai binciken jaka kamar na filin jirgi. Manyan jakunkuna ba sa hawa, ajiye su ake yi a ƙasa, saboda haka kada ku fara da sayayya.

Hajiya Mai Atamfa:

Alhaji, sayi ta intanet kwana biyu ko uku kafin ranar. Na kan teburi ya fi tsada, kuma lokutan yamma su ne ke fara ƙarewa. In ɗan kamasho ne zai saya maka a Deira, kada ka miƙa kuɗi sai ka karanta abu uku a jikin takardar: kwanan wata, ƙarfe nawa, da lambar hawa. Akan cusa wa mutum na tsakar rana a kuɗin na yamma.

Maganar lokaci, ni faɗuwar rana na zaɓa duk da ita ce mai tsada. A Disamba rana tana faɗuwa wajen 5:30, to ka nemi na ƙarfe 4. Da layi da komai za ku kai sama wajen 4:30. A hawa na 124 da 125 ba mai korar ku, sai ku ga garin da haskensa, ku ga titin Sheikh Zayed ya miƙe kamar an ja zare, da otal ɗin Burj Al Arab a bakin teku, sannan ku ga fitilu suna kunnuwa. Ruwan nan mai rawa da ke gindin ginin yana farawa ƙarfe 6, duk bayan minti 30. Daga sama ƙarami ne kuma kiɗan ba ya isowa sosai, don haka ku kalli ɗaya a sama, ku sauko ku kalli wani a bakin tafkin, kyauta ne.

Wanda ya sayi na 5:30 da nufin ganin faɗuwar rana, a layi za ta faɗi ta bar shi.

Akwai masallatai a cikin kasuwar, na maza daban na mata daban. Ku yi La'asar kafin ku shiga layi, Magariba in kun sauko.

Injiniya:

Da girmamawa Hajiya, ga tsohuwa da yara ban yarda da yamma ba. Lokacin ne cunkoso ya fi yawa, gaban gilashi ba masaka tsinke, kuma layin saukowa yakan fi na hawa tsawo tunda kowa yana son sauka bayan Magariba. Ƙarfe 10 zuwa 11 na safe a ranar aiki ya fi sauƙi, ya fi arha. Ku tuna hutun mako a Dubai yanzu Asabar da Lahadi ne, tun 2022, ba Juma'a da Asabar ba.

Sai dai kada ku yi sammako da yawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe garin da sassafe, ka hau ka tarar da fari fat kamar an shimfiɗa auduga, sai kawunan dogayen gine-gine. Yana da kyau a hoto, amma Hajiya gari ta zo gani. Yakan washe in rana ta ɗaga. Kada ka sa rai za a mayar maka da kuɗi saboda hazo.

Lif ɗin yana gudun mita 10 a daƙiƙa, cikin kamar minti ɗaya kun kai 124. Kunne zai toshe saboda sauyin nauyin iska. A haɗiye yawu ko a ba yara alewa su tsotsa. Mai mura ya fi jin zafinsa. Hoto kuma, a kashe filashi a manna bayan waya jikin gilashi, in ba haka ba inuwarka za ka ɗauka, musamman da dare. Ma'aikata za su ɗauke ku hoto a hanya, sayensa ba dole ba ne, kuma da tsada.

Na 148 kuwa, idan don kallo ne bambancin bai kai kuɗin ba. Mita 100 a kan 450 ido ba ya tantancewa sosai. Kujera da gajeren layi kake saya. In aljihu zai ɗauka, kai da Hajiya ne masu buƙatarsa, ba yaran ba, amma raba tafiyar sai da wani babba da zai riƙe su.

Malam Na-Deira:

Ƙarin bayani ga mai karatu da zai hau cikin azumi: a sama rana tana jinkirin faɗuwa. A 2011 malaman Dubai sun ce waɗanda ke sama da hawa na 80 su ƙara minti 2 kafin buɗa-baki, na sama da 150 su ƙara 3. A 124 ke nan ba da kiran sallar ƙasa za ka sha ruwa ba.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki na 124, ranar Talata ƙarfe 10:30, da tasi. Ruwan mai rawa ma dawo masa da dare wata rana. Malam, keken nan ana barin a hau da shi har sama?

Malam Na-Deira:

Ana bari, lif ɗin yana ɗauka. Ka riƙe fasfo a aljihu, sukan nemi shaida kafin su ba da aron.